Haɗarin Mota a Gaban Kotunan Ɗaukaka Ƙara: Yadda Ake Auna Sakaci, a Raba Laifi, a Nemo Mai Biyan Diyya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da aka yi haɗarin mota ya san cewa tun kafin jami'an kiyaye haɗurra su iso, jama'ar da suka taru sun gama yanke hukunci. Wannan ya ce gudu ne ya yi yawa, wancan ya ce mai babur ne ya faɗo titi bai duba ba, wani dattijo kuma ya rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shari'a ba za ta iya tsayawa a nan ba, domin akwai mutumin da ke kwance a asibiti da karaya, ga kuɗin magani, ga sana'ar da ta tsaya cik, kuma dole wani ya ɗauki wannan asara: ko dai wanda ya ji raunin ya haɗiye ta shi kaɗai, ko a ɗora ta a kan direba, ko mai motar, ko kamfanin inshora. Ƙarar neman diyya ita ce hanyar tantance mai ɗauka, kuma dabam take da tuhumar da hukuma ke yi wa direba kan tuƙin ganganci. A tuhuma sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana kafin a hukunta mutum, alhali a ƙarar diyya rinjayen hujja ya wadatar.

Idan wanda aka kayar a kotun farko ya ɗaukaka ƙara, alƙalan da za su zauna a kanta ba su ga wurin haɗarin ba, ba su ga fuskar shaidu ba, ba su ji inda muryar direba ta yi rawa ba sa'ad da lauya ya matsa masa da tambaya. Abin da ke gabansu takarda ce: bayanan shaidu kamar yadda aka rubuta su, zanen wurin da 'yan sanda suka yi, rahoton likita, da hukuncin alƙalin farko. Saboda haka suke matuƙar kaffa-kaffa da taɓa abin da alƙalin farko ya tabbatar game da yadda abin ya faru, sai fa idan ya saɓa wa shaidar da ke rubuce ƙarara. A Nijeriya, idan Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yi ittifaƙi a kan yadda lamari ya auku, Kotun Ƙoli ba ta cika warware shi ba sai an nuna mata cewa matsayar ta kauce wa hankali ko ta jawo tauye haƙƙi. Inda manyan kotuna ke da cikakken iko shi ne a kan ma'aunin da aka yi awon da shi, kuma a nan ne hukuncinsu ke wuce mutum biyun da ke jayayya ya zama ƙa'idar da za ta bi duk direban da ya hau titi bayan haka.

Yawancin shari'o'in da suka gina wannan ma'auni a Birtaniya aka yi su, kuma akwai dalilin da ya sa suka shafe mu. Dokar sakaci da manyan kotunan Nijeriya ke aiki da ita gadon dokar Ingila ce, kuma ko da yake an daina kai ƙara Landan tun 1963, har yau lauyoyi na kawo hukunce-hukuncen can a matsayin hujja mai ƙarfafa magana, wadda kotu ke da damar karɓa ko ƙi.

Za a fi gane ma'aunin ta shari'ar Nettleship da Weston, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke a 1971. Wata mata ce ta roƙi wani abokin arzikin gidansu ya koya mata tuƙi da motar mijinta. Kafin ya amsa sai da ya tambaya ko inshorar motar ta haɗa da fasinja, aka tabbatar masa ta haɗa. A darasi na uku ta sha kwana zuwa hagu, ta kasa mayar da sitiyari, motar ta hau gefen titi ta daki turken fitila, ƙoƙon gwiwar malamin ya karye. Alƙalin farko ya kori ƙarar, bisa ganin cewa matar ta yi iya ƙoƙarinta, kuma ba a neman fiye da haka daga ɗan koyo. Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin jagorancin alƙali Lord Denning, ta rushe wannan hukunci. Ta ce ma'auni ɗaya ne ga duk wanda ya riƙe sitiyari, wato kulawar ƙwararren direba mai hankali da lafiya, kuma ba a rage shi don mutum sabon shiga ne. An kuma ƙi karɓar hujjar cewa malamin ya yarda da haɗarin da kansa tun da ya shiga motar 'yar koyo, domin tambayar da ya yi game da inshora ta nuna bai yafe haƙƙinsa ba. Sai dai an raba laifin biyu, aka ba shi rabin diyya, saboda shi ma yana da hannu a sarrafa motar a lokacin.

Abin da ya sa wannan hukunci ya yi fice shi ne yadda Denning ya fito fili ya faɗi abin da alƙalai da yawa ke ɓoyewa. Ya amince cewa ta fuskar ɗabi'a matar ba ta yi abin zargi ba, amma ya ce doka ta ɗora mata alhaki saboda tana da inshora, kuma a kanta ya dace asarar ta faɗa. A ganina wannan ita ce gaskiyar da ke ƙarƙashin wannan fanni baki ɗaya. Kalmar sakaci a bakin alƙali ba ta nufin mutum mugu ne ko marar tausayi. Tana nufin tuƙinsa ya gaza ma'aunin da aka gindaya, kuma an tsaurara ma'aunin da gangan domin wanda aka raunata ya sami inda zai kama. Tun 1930 doka ta tilasta wa masu mota a Birtaniya yin inshorar da za ta biya wanda suka yi wa rauni a hanya, don haka alƙalin da ya ce direba ne ke da alhaki ya san cewa galibi aljihun kamfani ne zai yi kuka.

Daga nan sai uzurin da aka fi ji a tashoshinmu, wato birki ne ya shanye. Kwamitin alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wanda shi ne kotun ƙolin ƙasar har zuwa 2009, ya duba irin wannan uzuri a 1969 a shari'ar Henderson da kamfanin Henry E. Jenkins. Wata babbar motar ɗaukar kaya ce ke saukowa daga gangara, birki ya ƙi kamawa, ta kashe wani direban gidan waya da ke kusa da motarsa. Bincike ya nuna tsatsa ce ta huda bututun man birki, man ya tsiyaye nan take, kuma hujin yana wani ɓangare da ido ba ya kaiwa sai an kwance bututun. Masu motar suka ce ɓoyayyen lahani ne, sun kasance suna wanke bututun suna duba inda ake iya gani, kuma ko masu ƙera motar ba su ce a riƙa kwance shi ba. Kotun farko da Kotun Ɗaukaka Ƙara duka sun gamsu da wannan bayani. Matar mamacin ba ta haƙura ba, ta kai ƙarar sama, inda alƙalai uku cikin biyar suka ba ta gaskiya.

Dalilinsu yana da kyau a tsaya a kansa. Sun ce idan babbar mota ta ƙwace a gangara ta kashe mutum, faruwar abin kanta alama ce ta sakaci, kuma nauyi ya koma kan masu motar su wanke kansu. Bai isa su ce sun yi dubawar da aka saba ba, domin dubawar da aka saba ta dace ne da motar da ta yi aikin da aka saba. Wane irin kaya motar ta riƙa ɗauka a shekarun da ta yi tana aiki? Ko wani abu mai cin ƙarfe ya taɓa zubowa a kan bututun? Ko ta bi wuraren da ke sa tsatsa ta yi saurin kamawa? Masu motar ne kaɗai ke da amsa, kuma ba su kawo shaida ko ɗaya a kai ba. Wannan ƙa'ida ta cewa abin da ya faru yana bayyana kansa sananniya ce a kotunan Nijeriya, kuma ma'anarta ga mai tirela ko tanka ita ce kalmar birki ya shanye farkon bayani ce kawai. Bayanta sai an ga takardar gyara, an ji daga bakin bakaniken da ke duba motar, an san ranar da aka canza abin da ya lalace.

Duk da haka ba a mayar da direba mai lamunin duk abin da ya faru ba. A 1997, a shari'ar Mansfield da kamfanin Weetabix, wani direban babbar mota ya afka wa shago bayan sukarin jininsa ya faɗi sakamakon wata cuta da bai san yana ɗauke da ita ba, wadda ta riƙa dusashe masa hankali a hankali ba tare da ya lura ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta wanke shi, ta ce da ya san halin da yake ciki ya ci gaba da tuƙi, da hukuncin ya sauya. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure zai ga wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce: mai kora dabba da mai janta da wanda ke bisa kanta suna lamunin abin da ta taka, amma abin da ya auku ba da aikinsu ba babu biya a cikinsa.

Tambaya ta gaba, wadda ta fi kowace jawo ɗaukaka ƙara, ita ce ta laifin wanda ya ji raunin. Tsohuwar ƙa'idar Ingila mai tsanani ce ƙwarai: idan mai ƙara yana da nasa sakacin a cikin abin da ya same shi, ko yaya ƙanƙantarsa, ya tashi a tutar babu. Wata doka ta 1945 ta sauya wannan, ta ba kotu ikon rage diyya gwargwadon rabon mai ƙara a laifin, kuma dokokin jihohin Nijeriya sun bi wannan tsari na rabawa. A Amurka kowace jiha da tata hanya. Kotun Ƙolin Kalifoniya da kanta ta yi watsi da tsohuwar ƙa'idar a 1975 a shari'ar Li da kamfanin tasi na Yellow Cab, inda wata mata ta yanko layukan titi za ta shiga gidan mai, tasi mai gudu ya buge ta. Amma jihohi irin su Alabama da Maryland da Virginia da North Carolina har yanzu suna kan tsohon tsari.

A shekarar 1975 ɗin nan ce kuma Denning ya yanke shari'ar Froom da Butcher. Mai ƙara yana tafiya a hannunsa, wata mota ta fito za ta wuce ta gabanta ta yi masa karo gaba da gaba. Babu ko ɗigon laifinsa a aukuwar haɗarin, sai dai bai ɗaura bel ba, domin yana da ra'ayin cewa bel na iya maƙale mutum a cikin mota, kuma a lokacin doka ba ta tilasta ɗaurawa ba (sai a 1983 aka tilasta wa na kujerar gaba). Alƙalin farko ya ba shi cikakkiyar diyya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce abin tambaya shi ne me ya jawo raunin, wanda ya fi me ya jawo haɗarin faɗi, ta kuma gindaya mizanin da ake bi har yau: idan bel zai hana raunin gaba ɗaya a rage kashi 25 cikin 100, idan zai sassauta shi ne kawai a rage kashi 15, idan kuwa ba zai canza komai ba kada a rage ko kwabo. An yi haka ne domin kada kowace ƙaramar shari'a ta zama fagen kiran likitoci da injiniyoyi ana jayayya kan lissafi. Daga baya an faɗaɗa tunanin zuwa masu babur, inda a shari'ar Capps da Miller ta 1989 aka rage kashi 10 ga wanda ya sa hular kwano amma bai ɗaure igiyarta ba.

Mai tafiya a ƙafa kuwa kotunan sun fi tausaya masa, bisa hujjar cewa mota abu ce mai iya kisa, kuma wanda ke riƙe da ita nauyinsa ya fi. Shari'ar Jackson da Murray daga Sukotlan ta nuna wannan, ta kuma nuna iyakar abin da lissafin kashi ke iya yi. A watan Janairun 2004, da almuru, wata yarinya 'yar shekara 13 ta sauka daga motar makaranta a wata hanyar karkara, ta fito ta bayan motar za ta tsallaka, wata mota mai tafiyar kusan kilomita 80 a awa ta buge ta, ta yi mata mummunan rauni. Direban bai wuce iyakar gudun hanyar ba, amma ya ga motar makarantar tsaye da fitilunta na gargaɗi bai sassauta ba. Alƙalin farko ya ɗora wa yarinyar kashi 90 na laifin. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sukotlan ta mayar da shi 70. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, da rinjayen uku a kan biyu, ta mayar da shi 50, tana la'akari da shekarun yarinyar, da wahalar ƙiyasta gudun mota a duhun magariba, da kuma cewa direban da ya ga motar 'yan makaranta ya kamata ya sa ran yaro zai iya ɓullowa. Da yake an daidaita cikakkiyar diyyar a kan fam miliyan 2.25, kowane kashi 10 ya haura fam dubu 200.

Alƙalai biyun da suka saɓa ba su ce yarinyar ta fi laifi don sun fi kowa sanin lissafi ba. Matsayinsu shi ne rabon laifi hukunci ne na ƙiyasi, babu amsa ɗaya tak da za a ce ita ce daidai, kuma muddin adadin da kotun ƙasa ta bayar yana cikin abin da masu hankali za su iya saɓawa a kai, babbar kotu ta bar shi. Masu rinjayen ma sun yarda da wannan ƙa'ida. Inda suka rabu shi ne ko 70 ta fita daga wannan da'ira. Ni dai ina ganin sakamakon ya yi wa yarinyar adalci, amma kotu uku da adadi uku a kan labari guda, cikin shekara 11, ya isa ya sa wanda ke shirin ɗaukaka ƙara don a gyara masa kashi ya sake tunani.

Ko an tabbatar da sakacin direba, sau da yawa ba shi da abin biya, shi ya sa ido ke komawa kan mai motar. Mallakar mota kaɗai ba ta jawo alhaki. A shari'ar Morgans da Launchbury ta 1972 a Birtaniya, wani miji ya fita shan giya da motar matarsa, da ya ji ya bugu ya miƙa wa abokinsa makulli, aka yi haɗari, fasinjojin da suka ji rauni suka kai ƙarar matar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗora mata alhaki, amma Majalisar Dattawa ta warware, ta ce sai direban yana tuƙi ne a madadin mai motar, cikin wani aiki da ya wakilta masa. Idan kuwa direban ma'aikaci ne, ubangidansa na ɗaukar alhakin abin da ya yi a bakin aiki, kuma jayayya kan taso ne idan ya karya umarni. A shari'ar Rose da Plenty, wani mai rarraba madara ya ɗauki yaro ɗan shekara 13 yana taya shi aiki duk da kamfani ya hana, yaron ya ji rauni a motar, kotu ta ce kamfani zai biya domin aikin kamfanin yaron ke tayawa. A Nijeriya, shari'ar kamfanin sufuri na Jarmakani da Abeke ta 1963 ta faɗa ɗaya ɓangaren: direban motar kaya ya ɗauki fasinja alhali an hana shi, kuma aka wanke kamfanin daga raunin da fasinjar ta samu. Wanda ke tsayar da motar kaya a bakin hanya ya hau bisa buhuna don sauƙin kuɗin mota yana iya samun kansa a wannan matsayi. A ɗaya hannun, Kotun Ƙolin Nijeriya ta sauƙaƙa wa masu ƙara a shekarar 2000, a shari'ar kamfanin Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh, inda ta ce ana iya ƙarar ubangida ba tare da an haɗa da direbansa ba, muddin an tabbatar da sakacin direban da kuma cewa a bakin aiki yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da direba kan tsere daga wurin haɗari a neme shi a rasa.

Game da yawan kuɗin, manyan kotuna ba sa taɓa abin da aka yanke sai an yi amfani da gurguwar ƙa'ida ko adadin ya yi yawa ko kaɗan fiye da kima. Amma akwai wurin da masu ƙara a Nijeriya ke yawan faɗuwa. Diyyar raɗaɗi da naƙasa kotu ce ke ƙiyasta ta, alhali kuɗin da aka kashe a zahiri, kamar na asibiti da gyaran mota da cinikin da aka rasa, dole a zayyana su dalla-dalla a takardar ƙara a kuma tabbatar da su da shaida mai ƙarfi. Iyalin da suka yi wata shida suna sayen magani ba rasit, ko suka kai majinyaci wurin mai ɗori suka biya hannu da hannu, za su sha wuyar tabbatar da abin da suka kashe, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta cika karɓar sabuwar shaidar da aka iya kawowa tun farko ba. Wa'adin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu wata uku ne, bayansa sai an nemi izini tare da gamsasshen dalilin jinkiri.

Sauran abin da ya rage shi ne ginshiƙin da Denning ya jingina hujjarsa a kai. Nijeriya ma tana da dokar tilasta inshorar mota tun 1945, kuma daga Janairun 2023 kuɗin mafi ƙarancin inshorar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, aka ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3, ban da abin da ya shafi rauni da rai. Sai dai masu mota da yawa suna kallon takardar a matsayin abin nuna wa jami'i a shingen bincike, kuma hukumomin inshora sun daɗe suna kokawa da yawan takardun bogi. A Birtaniya tun 1946 kamfanonin inshora suka kafa wata hukuma da ke biyan wanda direba marar inshora ya raunata, don haka tsauraran ma'aunin da kotunan can suka gina yana da kuɗi a bayansa. A nan, wanda ya yi nasara a kan direban haya da ba shi da komai sai lasisinsa, motar kuma takardarta ta bogi ce, yana iya fitowa daga kotu da hukunci mai kyau a hannu ba tare da ya ga ko sisi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin irin waɗannan rigingimu ke ƙarewa da sulhu a ofishin 'yan sanda ko a gaban shugabannin tasha, a biya kuɗin asibiti a yafe sauran, tun kafin lauya ya rubuta takardar ƙara.